KAFIN ZAKI: A SAURARI MASUNTA TUKUNA

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, muna zaune a gindin darbejiya tare da dattawan ikilisiya an gama lissafin baiko, sai hira ta kai mu ga batun madatsar ruwa ta Kafin Zaki. Wani dattijo daga cikinmu, wanda asalinsa mutumin ƙasar Ningi ne, ya ce shi tun yana saurayi yake jin za a gina ta, ga shi yau furfura ta cika masa kai ba a gina ba, kuma a ganinsa ba kowa ya hana ba sai mutanen Yobe da masuntansu. Ya dube ni ya ce, "Malam, ashe saboda tarwaɗa za a hana jiha guda ci gaba?" Aka yi dariya. Ni ma na yi. Amma da na koma gida sai maganar ta tsaya mini a rai, domin ban ba shi amsa ba, alhali kuwa akwai amsa. Shi ya sa na ga ya kyautu in kawo ta wannan fili, gama na san ba Baba kaɗai ke da wannan ra'ayi a cikin majami'unmu ba.

Ga wanda bai san wurin ba, bari in ɗan shimfiɗa masa. Ruwan saman da ke sauka a kan duwatsun Filato, har da wanda ke bin rafin Dilimi ya ratsa garin Jos, yana gangarawa arewa ya shiga jihar Bauchi. A can sama ana ce wa kogin Bunga, idan ya gangaro ana ce masa kogin Jama'are. Yana wucewa ta ƙasar Katagum ya malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sa'an nan a kusa da Gashuwa ya haɗu da ruwan kogin Haɗeja, su zama kogin Yobe. Daga nan sai Gaidam, sai iyakar Nijeriya da Nijar a wajen Diffa, har ya faɗa Tafkin Chadi. A kan wannan kogi, a yankin Ningi, aka tsara gina bango mai tsawon kilomita 11, wanda zai tare ruwa kimanin kubik mita miliyan 2,700, aka kuma yi alkawarin zai shayar da gonaki hekta 120,000.

Maganar ta taso ne bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970. Gwamnatin Shehu Shagari ta ba da kwangilar, aka soke ta a 1984. Gwamnatin Babangida ta dawo da ita a 1992, gwamnatin Abacha ta sake sokewa a 1994. A 2008, zamanin Gwamna Isa Yuguda, aka sake ta da zancen, nan fa manoma da masunta da shugabannin Yobe da Borno suka tashi suka ce ba su yarda ba. Har yanzu dai ba a gina ta ba, amma zancen bai mutu ba, yana lafawa yana tashi, musamman idan zaɓe ya ƙarato. To ka ga ashe ba masunta ne suka soke kwangila sau biyu ba, sojoji ne. Masunci ba shi da alƙalamin da zai soke kwangila. Abin da yake da shi kuka ne kawai, kuma wannan kukan ne nake so mu tsaya mu ji.

Kada wani ya ce na raina damuwar mutanen Bauchi. Na san yadda rani yake a ƙauyukanmu. Da an gama girbi samari sun watse, wannan ya tafi Abuja acaɓa, wancan ya tafi haƙar ma'adini, majami'a ta koma ta tsofaffi da mata da yara har sai ruwa ya sauka. Mutumin da yake ganin kogi ya cika ya batse a watan Agusta, ya wuce ta gefen gonarsa, sa'an nan a watan Maris ya ga yashi zalla, ba laifinsa ba ne idan ya ce a tare masa wannan ruwan. Ya kuma je Kadawa da Kura ya ga tumatir da shinkafa da alkama a tsakiyar rani saboda ruwan Tiga. Wa zai ga wannan bai yi sha'awa ba? Kuskuren yana wuri ɗaya ne: zaton cewa ruwan da ya wuce mu asara ya tafi. Ba asara ya tafi ba. Wurin wani ya tafi.

Wanda bai taɓa zama da masunta ba yana ɗauka kifi a cikin kogi yake hayayyafa, muddin akwai ruwa akwai kifi. Ba haka ba ne. Yawancin kifayen waɗannan koguna ambaliya suke jira. Idan ruwa ya fara hawa da damina ya fita daga bakinsa ya shiga fadama, sai tarwaɗa da karfasa da bargi da kawara su bi shi cikin ciyawa, can suke zuba ƙwai, can 'ya'yan suke samun abinci da wurin ɓuya daga manya. Watanni biyu ko uku suna kiwo a ruwan da bai wuce gwiwa ba. Sai ruwa ya fara janyewa bayan kaka, su biyo shi su komo kogi da tafkuna, a lokacin ne mai koma da mai birgi da mai mamari suke samun na shekara. Shekarar da ambaliya ta yi faɗi, kifi ya yi yawa. Shekarar da ta tsuke, kifi ya yi kaɗan. Kowane yaro a ƙasar Bade ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. Kuma ba masunci kaɗai ke cin wannan ruwa ba. Manomi ya shuka shinkafa a cikinsa, idan ya janye ya bi danshi ya shuka wake, Bafulatani ya kawo shanu su ci ɗanyar ciyawa da rani, ruwan da ya nutse ƙasa kuwa shi ne ke cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogi.

To aikin madatsa shi ne ta kashe wannan hawa da sauka. Ta riƙe ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ga mai noman rani a bakin magudana wannan alheri ne. Ga kifi kuwa kamar an rufe masa ɗakin haihuwa ne.

Ba hasashe nake yi ba, gama an riga an gwada a kan ɗan'uwan wannan kogi. An gama madatsar Tiga a 1974, aka gama ta Challawa a 1992, su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan kogin Haɗeja. A shekarun 1960 zuwa farkon 1970, ambaliya takan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 a fadamun Haɗeja da Nguru. Zuwa shekarun 1990 abin ya koma hekta 70,000 zuwa 100,000. Gaskiya ne fari ma yana da hannu a ciki, ba zan ɗora wa madatsu dukan laifin ba, amma ruwan sama ya dawo daga baya, ambaliyar dā ba ta dawo yadda take ba. Abin da ya zo a madadinta shi ne kacala. Wannan doguwar ciyawa tana son ruwan da ba ya ƙafewa ba ya kuma gudu, watau daidai irin ruwan da madatsa ke saki. Ta cika magudanai, ta toshe hanyoyin kwalekwale, ta cinye gonaki da wuraren jefa taru, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa. Saboda toshewar, ruwa ya rasa hanyarsa ta asali, ya karkata ta magudanar Marma zuwa Nguru, wasu garuruwa ruwa ya ci su, wasu kuma ƙishi ya kama su. Mutane sun sha fitowa gayya da adduna da lauje suna shiga ruwa har ƙirji suna saran kacala domin su buɗe wa kogi hanya, su sare bana, baɗi ta dawo.

Sakamakon haka, ruwan Haɗeja da ke isa Gashuwa kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan abin da ke rayar da kogin Yobe a yau daga Jama'are yake zuwa, domin shi ne babban kogin da ya rage ba a sa masa linzami ba. Idan masuncin Gashuwa ko mai noman tattasai a Diffa ya ji an ce za a datse Jama'are, ba tatsuniya yake tsoro ba, abin da ya gani da idonsa yake tsoro. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai masu cewa ai tafkin madatsar ma zai ba da kifi, ga Tiga nan ana su a ciki. Haka ne, zai bayar. Amma wa zai kama shi? Mutumin da ke da mata da 'ya'ya da gona da kaburburan iyayensa a bakin kogin Yobe ba zai naɗe tarunsa ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ya dawo Ningi ba, ko ya zo ma ba lalle a ba shi wuri ba. An ɗauke kifi daga hannun wani an sa a hannun wani ke nan, ba ƙari aka yi ba. Ban da haka, ruwan da aka tara wuri ɗaya a ƙasa mai zafi irin tamu, rana tana shan rabonta mai yawa kafin ya kai gonar kowa. Shi kuwa alkawarin hekta 120,000, sai mu tuna cewa Tiga kanta, bayan shekara 50, ba ta kai ga shayar da dukan filin da aka tsara mata tun farko ba. Bango yana da saurin ginuwa, domin nan kuɗin kwangila yake. Magudanan da za su kai ruwa gonar talaka su ne kullum ake barinsu sai wata gwamnati. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, tare da abokan aikinsa sun auna amfanin da ake samu daga ruwan da aka bari ya malala a wannan fadama, watau noma da kifi da itace, suka gwada da amfanin ruwa daidai wannan a aikin noman rani na kogin Kano. Abin da suka samu shi ne na fadama ya fi, nesa ba kusa ba. Dalilin da ya sa ba a ganin wannan arziki shi ne ba ya bi ta ofis. Bandar da mace ta sayar a kasuwar Nguru ta biya wa ɗanta kuɗin makaranta ba ta shiga littafin kowace ma'aikata.

Yanzu bari in komo ga tarwaɗar da Baba ya raina. 'Yan'uwa cikin Kristi, ku buɗe Littafin Farawa sura ta fari ku duba a hankali, wa Allah ya fara sa wa albarka? Ba Adamu ba ne. Albarka ta fari a cikin dukan Littafi Mai Tsarki tana aya ta 22, a rana ta biyar, kuma a kan halittun ruwa da tsuntsaye ta sauka, cewa su hayayyafa su cika ruwaye. Mutum sai rana ta shida ya zo ya tarar da su da albarkarsu. Na yi shekaru ina koya wa 'yan ajin baftisma labarin halitta ban lura da wannan ba, sai da wani yaro ya tambaye ni ko kifi ma yana da albarka. Idan haka ne, mulkin da aka ba mutum a aya ta 28 ba izini ba ne na ya warware albarkar da ta riga shi. Sura ta biyu aya ta 15 ta fayyace irin mulkin: aikin gona ne da tsaro. Maigadi yana da iko a kan ƙofa, amma gidan ba nasa ba ne. A cikin Maimaitawar Shari'a 22:6-7 an yardar wa mutum ya ɗauki 'ya'yan tsuntsu daga sheƙa, amma an hana shi haɗawa da uwar. Ma'anar a fili take, ka ci daga halitta, kada ka kashe tushen da take hayayyafa. Ambaliya ita ce uwar kifin kogin Yobe.

Tsuntsayen ma suna nan. Fadamun nan masauki ne na dinya da kirinjijiya da zalɓe da jinjimi, da kuma dubban agwagin ruwa da ke tasowa daga ƙasashen Turai idan sanyi ya kama can, su ƙetare Sahara su sauka. Saboda su aka keɓe tafkin Dagona, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo ya gani a 1989, kuma a shekara ta 2000 tafkin Nguru da magudanar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya. Wani zai ce wannan damuwar Turawa ce. Ni dai abin kunya nake gani, baƙo ya san darajar abin da Ubanmu ya halitta a ƙofar gidanmu, mu masu rera waƙar yabon halitta kowace Lahadi ba mu sani ba.

Annabi Ishaya kuwa, da yake faɗin hukuncin da zai auko wa Masar a sura ta 19, ya zana kogi yana ƙafewa, ya ambaci masu ƙugiya da masu taru suna makoki, sa'an nan masu saƙa da 'yan ƙodago suka biyo baya. A bakin annabi, kukan masunta alamar la'ana ce a kan ƙasa, kuma shi ne somin-taɓi, sauran masu sana'a suna tafe. Ban ga yadda za mu ɗauki abin da Littafi ya kira hukunci mu yi shi da hannunmu mu sa masa suna ci gaba ba.

Akwai wata magana da ba a faɗa a fili a gindin darbejiyar nan ba, amma na ji ƙanshinta, don haka bari in faɗe ta. Yawancin masuntan nan, Badawa da Mangawa da Hausawa da Barebari, Musulmi ne. Wani a zuciyarsa zai ce to ina ruwanmu, su da shugabanninsu su ji da shi, mu da muke da namu matsaloli na filin gina majami'a da rashin tsaro. Wannan tunani shi ne na masanin Attauran nan da ya so Yesu ya iyakance masa wane ne maƙwabcinsa, a Luka sura 10, kuma kun san da wa aka ba shi misali. Kogi bai san addini ba. Wanda yake shan ruwan da ya bi ta bayan gidanka maƙwabcinka ne ko yana nisan kwana uku. Mu da muka san zafin a yanke shawara a kanmu ba a tambaye mu ba, bai kamata mu yi wa wani haka ba don kawai wannan karon mu ne a sama. Kada kuma mu manta akwai ikilisiyoyi a Gashuwa da Nguru, kuma almajiran Ubangiji na fari, Bitrus da Andarawas da 'ya'yan Zabadi, daga bakin taru aka kira su.

Ba na cewa masunta waliyyai ne. Su ma suna da nasu laifin a kan kogin, kuma idan suna so a ji kukansu dole su gyara. Akwai masu jera dumba su tare magudana baki da baki, babu kifin da zai wuce. Akwai masu su da taru mai ƙananan idanu kamar gidan sauro, su kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. An sha samun masu zuba Gamalin a ruwa, kifi ya mutu, kwaɗo ya mutu, a kawo wa mutane guba a kasuwa. Dā sarkin ruwa yana da ikon rufe tafki sai ranar da aka buɗe, kuma bikin su na Bade a Gogaram a kan irin wannan horo ya ginu. Inda wannan ya raunana a farfaɗo da shi. Amma mugun taru ana iya ƙwace shi gobe, kifi ya dawo baɗi. Bangon kilomita 11 idan ya tashi ya tashi ke nan.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. Ubangiji ya ce mai niyyar gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi, Luka 14:28, dokar ƙasa ma ta faɗi haka, domin tun 1992 akwai doka mai lamba 86 da ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a soma. A yi wannan bincike a kan kogin gaba ɗaya, daga Filato har Tafkin Chadi, ba bakin madatsar kaɗai ba, a kuma karanta sakamakon da Hausa da Kanuri a rediyo, kada a kulle shi a ofis da Turanci. Tun 2006, a taron Damaturu zamanin Shugaba Obasanjo, jihohin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato suka amince su kula da wannan ruwa tare, har aka kafa asusu dominsa. To a koma wannan teburi, a sa wa masunta da makiyaya kujera. Idan masu son madatsar sun ce za su riƙa sakin ambaliya kowace damina, sai su fara nuna mana a Tiga da Challawa, inda ƙofofin suke a hannunsu tuntuni. Su yi shekara biyar suna saki a kan ƙa'ida, mutanen Gashuwa su shaida, sa'an nan a zo a yi maganar Jama'are. Kafin nan, samarin Ningi ba sai sun zauna jira ba. Tun shekarun 1990 shirin Fadama ya nuna cewa 'yar rijiyar burtsatse da ƙaramin injin ban-ruwa a bakin kogi suna ba mutum albasa da tumatir da rani ba tare da an tashi ƙauye ko ɗaya ba. Na ce tashin ƙauye domin tafki mai wannan girma sai ya ci gonaki da gidaje, kuma na mutanen Bauchi zai ci, ba na Yobe ba.

Mu ma'aikatan ikilisiya kuma mu yi hankali. Ranar da za a aza harsashi za a aiko wa limami da fasto takarda su zo su yi addu'a, a ba su kujera a gaba, a ɗauki hoto. Kafin mu sa kwala mu tafi, mu tambaya ko an ji daga mutanen ƙasa-ƙasa, domin sa albarka shaida ce. Shugabannin gundumominmu a Bauchi da na Yobe suna haɗuwa a tarurrukan ikilisiya kowace shekara, ana tattauna kuɗin gini da canjin ma'aikata. A sa batun kogin nan a ajanda sau ɗaya, a bar wakilan Gashuwa su faɗi abin da suka gani.

Na riga na gaya wa Baba cewa amsarsa tana zuwa a jarida, ya ce zai sa jikansa ya karanta masa, kuma idan bai gamsu ba zai aiko da tasa. Ina roƙon Edita ya ba shi fili.